Kunun da Aka Dama wa Lami

Ranar da Lami ta rasu mu huɗu ne a kanta. Da ni uwarta. Da Hajiya Dije, uwar mijinta. Da Saude, matar ƙanen mijin, wadda ita ma jego take yi, tana zaune a bakin ƙofa da nata jaririn a cinya. Da Maman Sande, Bayarabiyar da ke haya a shagon ƙofar gidan tana sayar da manja da kayan miya. Mijinta Isuhu ba ya nan, ya fita neman mota. Yaron da ta haifa yana kwance a gefen gado, bai yi arba'in ba. A Funtua ne, cikin bazara, tsakanin azahar da la'asar.

Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana. Ba don a tausaya mini nake faɗa ba. Don matan da ke da 'ya'ya masu haihuwa ne, su ji abin da kunun kanwa ya yi a gidana, ya sake yi a gidan surukaina. Kwananta ne ya ƙare, wannan na sani, ba sai an tuna mini ba. Amma abin da ya zama sanadi na gan shi da idona, har sau biyu.

Lami 'yar farina ce. Tana raye ban taɓa kiran sunanta ba, "ke" nake ce mata, in ana maganarta in ce "yarinyar nan". Yanzu ma dole ce ta sa, don a san wadda nake nufi.

Da cikinta na fari ya tsufa aka kawo ta gida, ƙauyenmu na kan hanyar Kafur, don haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Lokacin naira tana sabuwa, ana biya da ita ana ciniki da sule. Ta sauka lafiya, mace, aka sa mata Mairo. Na yi mata jego irin wanda aka yi mini, ban rage komai ba. Malam, mijina, ya tara itace tun kaka. Safe da yamma in tafasa ruwa a rabin duro, in tsoma ganyen tsamiya in yi ta fyaɗa mata har fatarta ta yi ja. In ta fito ta hau gadon ƙasa, garwashi na ci a ƙarƙashi. Sai kunun kanwa, ƙwarya guda da safe, guda da yamma, ban da wanda take kurɓa a tsakani. Kanwa mai kyau nake jiƙawa, wadda na aika aka sayo a kasuwar Malumfashi. Abin da muka taso muka ji shi ne haihuwa na buɗe jiki, sanyi ya shiga, in ba a kore shi da wuta da kanwa ba mace ta kumbura. Kuma kanwa ce ke kawo nono. Babu wadda ta taɓa ce mini ba haka ba ne, da an ce ma da na yi wa mai faɗa kallon mahaukaciya.

Makon suna lafiya ƙalau. A mako na biyu fuskarta ta cika, masu zuwa barka suna cewa jego ya karɓe ta, har ana yaba hannuna. Ni dai na lura takalminta ya daina shiga, bayansa take takawa. A na uku tari ya zo, busasshe, da haki. Daga ɗaki zuwa bayi sai ta tsaya ta dafa katanga. Ta daina kwanciya miƙe, a zaune take barci ta jingina da bango, in ta kwanta ta ce kamar an ɗora mata turmi a ƙirji. Na danna yatsa a ƙwaurinta, wurin ya lotsa kamar tuwo, na je na ɗebo ruwa na dawo bai taso ba.

Gwaggo Abu, yayar Malam, ta zo ta duba ta ce ai ga shi nan ƙarara, sanyi ne ya riga mu shiga, ruwan bai yi zafi ba, kanwar kuma ta yi kaɗan. Duk wadda ta shigo haka take cewa. To aka ƙara wuta, aka ƙara kanwa har kunun yana ɗaci. Muguntar abin ke nan: ciwon yana zuwa da kamar abin da ake tsoro, sai a yi ta ƙara masa abin da ke ciyar da shi. Aka karɓo sassaƙe wajen wani mai magani a Matazu, aka karɓo rubutu, wata ta ce a yi hayaƙi ko iska ce. Akuyata a nan ta tafi, da rabin gyaɗar da Malam ya ajiye ta iri.

Abin da ya tashe ni tsaye awarwaronta ne. Wata safiya na ga ya nutse a hannunta, nama ya taso gefe da gefe, sai da aka kira maƙeri ya yanke shi. Tana son ta ce masa an gode, numfashi bai kai ta ƙarshen maganar ba. Na ce wa Malam ya nemo mota. Gwaggo Abu ta ce mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. Na ce mata, "Gwaggo, in ta mutu yau, arba'in ɗin za a jira kafin a fitar da ita?" Ba ta sake yi mini magana ba sai da shekara ta juyo.

A-kori-kura muka shiga, ita a zaune tsakanin buhuna, ni riƙe da jaririya. A asibiti layin kati daban, layin ganin likita daban, tun hantsi har rana ta karkata, yarinya na haki a kan benci babu mai kallonta. Nas ɗin da ta fara duba ta ta ɗaga zani ta ga ƙafafun, ta dube ni ta ce, "Ku kullum sai kun gama dafa su sannan ku kawo mana." Na haɗiye, don 'yata na hannunta. Amma ita ɗin dai ce ta tsallake layi da mu, ta samo mata gado, ta nuna mini inda masu jinya ke hura wuta a bayan ɗaki, har tabarmarta ta ara mini. Har yau in na tuna bakinta raina ya ɓaci, in na tuna hannunta in sa mata albarka.

Ɗakin da aka kwantar da ita ya ba ni tsoro. Gado bayan gado masu jego ne, duk a kumbure, duk an tokare musu baya da matasan kai suna zaune, kowace da tsohuwarta a ƙasa riƙe da jariri. Daga wajen Musawa, daga Bakori, daga Funtua. Aka yi wa Lami allura, kafin magariba fitsari ya ɓalle mata, ina zubar da tasa ina dawowa in tarar tana neman wata.

Washegari likita ya zo da ɗalibansa, samari da 'yan mata biyu cikin fararen riguna. Ɗan Kudu ne, amma haifaffen nan, Hausa a bakinsa kamar ta Malam. Ya saurari ƙirjinta, ya sa su ma suka saurara ɗaya bayan ɗaya, abin da bai yi mini daɗi ba, 'yata ba abin kallo ba ce. Sannan ya juyo kaina. Me take ci da safe? Da rana fa? Me ake sawa a miya? Wa ke dafawa? Na gaji na ce masa magani na zo nema, ba koyar da girki ba. Ya yi dariya, ya ce wa ɗaliban, da Hausa don in ji, kada wanda ya kuskura ya rubuta magani bai tambayi abin da ke shiga tukunyar gidan ba.

Da na ambaci kunu ya ce ko ina da kanwar a nan. Ina da ita mana, a ƙulle cikin kayana, niyyata in riƙa dama mata a bayan ɗaki. Ya ce in nuna musu ta yini guda. Na ɓantaro kamar ƙwan zabo biyu na ɗora a tafinsa. Ya miƙa wa ɗaliban suka lasa. Wani dogo a cikinsu ya ɓata fuska yana neman inda zai tofar. Na ce masa, "Kai ma da ita uwarka ta shayar da kai, daina yatsina."

Maganar da likitan ya yi mini na riƙe ta yadda ya faɗa. Ya ce, "Iya, kanwa da gishiri uwarsu ɗaya. Duk inda suka zauna a jiki, ruwa sai ya zauna tare da su. Zuciyar mai jego ta yi wata tara tana aikin mutum biyu, ta gaji. Ga ruwan da kanwa ta tara, ga zafin wanka, ga zafin gado. Kaya ya fi ƙarfinta. Wannan kumburin ba sanyi ba ne, ruwa ne da zuciya ta kasa turawa."

Na ce masa ni tara na haifa, kowanne da kanwa na yi jegonsa, ga ni tsaye.

Ya ce, "Wani jikin yana ɗauka, wani ba ya ɗauka. Na 'yarki ba ya ɗauka. Ko yanzu, ko a haihuwa ta gaba, ko ludayi ɗaya kada ta sha."

Na ce to nono fa? Ya ce ba kanwa ke kawo shi ba, abinci ne da ruwa da tsotson yaro. A ba ta wake da gyaɗa da ƙwai da nonon shanu, da nama in an samu, da ganye, zogale ko rama, amma ban da gishiri.

Ban yarda da shi a ranar ba. Idona ne ya sa na yarda. Yarinyar gadon kusa da mu, kakarta a buta take zuba kunun kanwa ta shigo da shi kamar ruwan alwala, ta ba ta in nas ta juya baya. Ni na bar tawa kanwar a ƙulle, na ce bari in gani. Cikin mako guda ƙafafun Lami suka sace, fatar ta yi yaushi kamar busasshen gauta, ta kwanta miƙe ta yi barci har da minshari. Nono kuwa har jiƙa mata riga yake. Waccan yarinyar allura ɗaya ake musu, ƙwaya ɗaya, amma kullum aka ɗora ta a sikeli sai an girgiza kai. Na je na gaya wa nas zancen butar. Tsohuwar ta zage ni tas, ta kira ni munafuka. Na ce na ji, jikarki dai ta tashi.

Mun yi kusan wata aka sallame mu, da ƙwayoyi ƙanana farare, aka ce a riƙa dawowa duk wata. Sai da na dawo gida na san kanwa ta kewaye mu. Wake da ita ake dafawa don ya yi laushi. Ɗanwake da ita. Kuɓewa da ita, don yauƙi. Na raba tukunya, tata daban. Wake in jiƙa shi ya kwana, in ba shi wuta har ya nuna don kansa. Miya ba gishiri, sai albasa da citta da ɗan tsami don ta ciwu. Kunu na gyaɗa da tsamiya. Wanka da ruwa mai ɗumi, gado ba wuta. Tana ci tana ɓata rai ta ce, "Inna, wannan miya kamar ruwan da aka wanke tukunya." In ce ci, ba daɗi na kawo ki ji ba.

A gari babu abin da ba a ce ba. Wai ina ba 'yata abincin marasa gata, wai sanyin yana nan kwance zai tashi da damina. Masu zuwa dubiya da 'yar langa a ƙarƙashin mayafi sai na buɗe na ɗanɗana a bakin ƙofa, in na ji kanwa ko gishiri in ce an gode, in miƙa wa yara. Na ɓata da mutane da yawa a shekarar. Amma damina ta zo ta wuce, Lami na daka tana tankaɗe, Mairo ta yi ɓul-ɓul. Na mai da ita ɗakinta a Funtua da ƙafafunta.

Da ta ji sauƙi zuwa asibiti ya tsaya. Ga nisa, ga kuɗin mota, kuma wa ke kai mai lafiya asibiti? Shekaru suka wuce, har aka dawo mulkin farar hula ana ta hayaniyar jam'iyyu, sannan na ji tana da ciki.

Isuhu ya zo gaishe mu bayan an tashi kasuwar auduga, don aikinsa ke nan, awo. Yaro ne mai ladabi, ba ya haɗa ido da ni. Na ajiye kunyar surukuta na faɗa masa duk abin da likita ya ce, har da zancen ludayi ɗaya. Kansa a ƙasa yana ta "To, Inna. In Allah ya yarda, Inna." Na san irin wannan "to". Ɗa ba ya shiga madafin uwarsa ya gaya mata abin da za ta sa a tukunya. Don haka na ce wa Malam a roƙa a ba mu ita ta sake haihuwa a gida. Malam ya ce ba a yi, haihuwa ta biyu ta gidan miji ce, in muka nema kamar mun ce Hajiya Dije ba ta iya riƙon mai jego ba, alhali matar nan ta riƙe yarinyar kamar ita ta haife ta. Gaskiya ya faɗa, haka ta riƙe ta. Na yi shiru. Da na san inda shirun zai kai mu da na yarda a ce da ni marar kunya.

Labarin haihuwa ya zo mana ta bakin direban motar kasuwa: namiji, lafiya. Uwa ba ta rawar jiki a kan 'yar fari, sai a yi da ita, don haka sai ranar suna na je, tare da mata da kayan gara. A ciki na sa gyaɗa da tsamiya masu yawa, na kunu. Ina shiga gidan ƙanshin ya tare ni. Babbar tukunya a tsakar gida, ana rabon kunun kanwa gida-gida yadda aka saba. Na ce a raina wannan na baƙi ne. Na shiga ɗakin Lami na ga rabin ƙwarya a gefenta, ga kaskon garwashi a ƙarƙashin gadon ƙarfe. Na kalli ƙafarta. Idon sawu ya fara ɓacewa.

Da ɗaki ya rage mu biyu na ce, "Ke, me likita ya ce miki?"

Ta sunkuyar da kai. "Inna, na faɗa wa Hajiya. Ta ce waccan haihuwar fari ce, jikina bai yi ƙwari ba. Tun asuba take tashi ta dama da hannunta, ba ta bari kowa ya taɓa. Ta kawo ta zauna tana yi mini hira har in shanye. Rannan na bar shi na ce na ƙoshi, sai na ga tana share hawaye, wai ko ƙyanƙyaminta nake yi. Ta yaya zan ce mata a'a?"

Na ce, "Ki zubar in ta fita."

Ta ce, "Ba ta fita, Inna."

Na sami Hajiya Dije a madafi. Na yi mata godiyar ɗawainiya, kuma ta cancanta, farfesun ƙafar san da ta yi wa yarinyar ko ni ban yi mata irinsa ba. Sannan na kawo zancen asibiti, tun daga awarwaro har buta. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce, "Innar Lami, ni ma uwa ce. Kaɗan nake sawa, na ɗanɗano kawai. In na hana ta gaba ɗaya sanyi ya kama ta, me zan ce miki? Ga Saude ta riga ta sauka da 'yan kwanaki, tukunya ɗaya nake yi musu. In dama wa wannan in hana wannan, me mutane za su ce?" Ta yi alkawarin za ta rage. Na ga kanwar da take kira kaɗan a jiƙe a kwano. Ta kai wadda na ɗora wa likita a tafi.

Na kira Isuhu zaure na ce gobe ya kai ta asibiti a ba ta ƙwayoyin nan. Ya ce da zarar ta yi arba'in. Na maimaita masa abin da na gaya wa Gwaggo Abu, ya ce subhanallahi, ba za a kai ga haka ba. 'Yan suna ba sa zama, ga Malam na baro kwance da kurkunu ba mai miƙa masa ruwa. Kafin in tafi na tsaya shagon Maman Sande, don na san suna shiri da Lami. Biyar ta haifa a garin nan ba ta taɓa shan kunun kanwa ba. Na roƙe ta ta riƙa duba mini ƙafar yarinyar nan, in ta ga ta daina kwanciya ta aiko. Ta ce, "Mama, ni ma na faɗa wa Hajiya, ta ce jikinmu ba irin naku ba ne. Amma zan duba."

Ba a yi mako uku ba saƙonta ya zo ta bakin direban nan: in zo yau, kada in jira gobe. Na bar Malam a hannun maƙwabta. Mota ba ta cika ta tashi ba sai da rana ta yi tsaka.

Na same ta a zaune an tokare ta, fuska ta cika har idanu sun ƙanƙance, leɓɓanta sun yi duhu. Daga tsakar gida ana jin numfashinta, kamar ruwa na tafasa a ƙirjin. Hajiya Dije na yi mata fifita tana kuka, ta ce tun shekaranjiya ta ninka kanwar, ta ƙara itace, amma sanyin ya ƙi fita. Na fitar da kaskon wuta da hannuna, na buɗe taga, na ce Isuhu ya nemo mota ko ta nawa ce. Wannan karon babu wanda ya ambaci arba'in.

Na hau gadon na zauna a bayanta, na jingina ta da ƙirjina, abin da ban yi ba tun tana goye. Maman Sande na goge mata kumfa a baki. Ta motsa leɓe, na kai kunne. Ta ce, "Inna, kada ki yi wa Hajiya faɗa." Na ce ba zan yi ba. Na yi ta laƙanta mata kalmar shahada tana bi. Da Isuhu ya shigo da gudu yana cewa a fito da ita ga mota, na riga na rufe mata ido.

Aka yi mata sutura kafin magariba. Na cika alkawari, ban yi wa Hajiya Dije faɗa ba, ran nan ko bayansa. Me zan ce mata? Da zuciya ɗaya ta yi. Ni na ga ɗakin nan na asibiti, ita ba ta gan shi ba, iyakar bambancinmu ke nan. Isuhu ne ban iya kallo ba, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Da maza suka dawo daga maƙabarta mata suka zauna a kan zancen yaro, yana ta tsala kuka. Aka ce Saude ta haɗa da nata ta shayar. Yarinyar ba ta yi musu ba, ta karɓe shi ta sa a nono, Allah ya saka mata. Sai wata tsohuwa cikin danginsu ta ce to sai a ƙara mata kanwa, nonon ya ishi biyu. Aka ce haka ne. Ni ina kallon ƙafar Saude da ta miƙe a tabarma. Igiyar silifa ta bar mata shaida a bayan ƙafa, zane biyu masu zurfi, kuma tun ɗazu da ta cire takalmin ba su cike ba. Tana kuma ɗan tari.

Ba gidana ba ne, kuma wadda ta zo makoki ba ta taɓa murhun mutane. Washegari ina idar da sallar asuba na riga kowa shiga madafi. Kwanon kanwar na nan a jiƙe, na ɗauka na juye a komin tumaki. Gyaɗa da tsamiyar da na kawo ranar suna suna nan a lungu, ko kwance bakin buhun ba a yi ba. Na ɓare, na daka, na tace. Ina cikin damawa Hajiya Dije ta shigo, ta ga kwanon a kife, ta tsaya a kaina. Ban ɗago ba na ce, "Hajiya, jikana a nonon yarinyar nan yake. In ta gama shan wannan kunun, ni da ke za mu kai ta asibiti, yau, ki ga ɗakin da na gani."

Ta ce, a hankali, "Saude ba ta yi arba'in ba."

Na ce, "Lami ma ba ta yi ba. Jiya aka fitar da ita."

Ta juya ta ɗauko ƙwaryar Saude, ta ɗauraye, ta riƙe mini ina zubawa. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta.